Kujerar da Ladidi Ta Miƙa wa Oga

A wata iyaka, doka ta hana shigo da kujeru, amma ba ta hana sassansu ba. Ladidi, mai sayar wa kafintoci kaya, ta iso da mota cike da ƙafafun kujeru da majinginai. Shugaban masu binciken kaya, Oga Mamuda, ya leƙa.

"Hajiya, kujeru ne, kwance su kawai aka yi. Ki tabbatar min ba kujeru ba ne, ko in ƙwace."

"Yallaɓai, mece ce kujera?"

"Abin zama mana!"

Ladidi ta tsayar da ƙafa ɗaya ta ƙarfe a gabansa, ta kakkaɓe ta da gyale. "Bismilla. Babba ba ya shari'a a tsaye."

"A kan wannan tsinken?"

"In ka zauna, kaya naka ne. In ba ta zaunuwa, a buɗe mini hanya."

Sauran masu binciken suka zuba ido, suna jira. Oga ya dubi ƙarfen, ya dubi tumbinsa, ya ce a ɗage shinge. Sannan ya rage murya: "Kujerar ofishina ƙafarta ta karye. Nawa guda?"

"Ƙafar, Yallaɓai, ko kujerar?"