Giginyar da Jatau Ya Sare

Dalilin da ya sa ba ku ganin soro ko ɗaya a Tsini, sai ɗakunan ciyawa, ba talauci ba ne. Ku matso ku ji.

Da can Tsini ba kowa. Ƙasa ce siririya da ta miƙe daga tsibirin nan ta kutsa cikin teku, da giginya guda a ƙarshenta. Masunta ne suka fara kafa bukkoki a wurin. Tsibirin shimfiɗe yake kamar faifai, in ka yi nisa a ruwa ba abin da kake hangowa sai kan giginyar nan. Ita suke bi su dawo gida.

Wani masunci, Barmo, ya auro Gwamma daga tudu. Ubanta Jatau magini ne, bai san ruwa ba sai na kwaɓa ƙasa. Ya zo ganin 'yarsa, ya tarar da ita da tsohon ciki cikin bukka mai yoyo. Abin ya ci masa rai.

Maza sun fita kamun kifi na kwana uku, mata na bayan tsibiri suna bandar kifi. Jatau ya dubi giginya, shi azara ya gani. Ya ɗauki gatari.

Ƙarar faɗuwarta ce ta kawo Gwamma.

"Baba, me ka yi?"

"Soro zan gina miki, 'yar nan. Jikana ba ɗan kwaɗo ba ne da za a haife shi cikin yoyo."

"Baba, da me za su gane gida?"

"Haba! Ƙato da gemunsa ya ɓace wa garinsu?"

Ta zauna kan kututturen, ta ɗora hannu a ka.

Mata suka hura wuta don a hango hayaƙi. Hadari ya taso, ruwa ya kashe ta. Jirage bakwai suka fita, huɗu suka dawo. Na Barmo ba ya ciki.

Jatau bai koma tudu ba. Ya binne ƙwallon giginya, kullum yana tsaye a kansa riƙe da doguwar gora, farin ƙyalle a samanta, don masunta su hango gida. Gwamma na kai masa tuwo da goyo a bayanta, ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Giginya kuwa ba ta sauri. Ya rasu ba ta kai kafaɗarsa ba.

Shi ya sa har yau mutanen Tsini ke kwana cikin yoyo da giginyu tsaye a kansu, ba mai ɗaga musu gatari.