Reza a Fiffiken Jirgi

A garin Haɗeja akwai wani mai gyaran fanka da rediyo, ana ce masa Badamasi. Allah ya yi masa baiwar hannu. Duk abin da ya mutu, in aka kai masa sai ya tashi. Amma yana da hali guda da ya ɓata wannan baiwar: yana son a yi dariya, muddin ba shi ake yi wa ba. In ya kama mutum da zolaya, ba ya sakinsa sai ya ga ƙwalla. In kuwa shi aka zolaya, sai ya yi murmushi, ya haɗiye maganar, ya ajiye ta a ciki har ta yi tsami.

Da farin soson da ake ƙunshe firij da shi, da ƙaramin inji, da batir, Badamasi ya haɗa ɗan jirgin sama mai tsawon kamu biyu. Yana tsaye a ƙasa da rimot, jirgin yana shawagi a kan rufin gidaje. Samari suka taru masa, wasu suka koya. Daga nan aka kafa ƙungiya, aka haɗa su da masu filfilo, wato masu ɗinka leda ko yadi a kan tsinke su sake shi sama da zare. Duk shekara sai a yi gasa a wani fili bayan gari. Ni aka ɗora wa alƙalanci, don an san mun yi irin wannan wasa da takarda tun muna makarantar mishan, kuma don tsoho ba ya da ɓangare.

Cikin masu filfilo akwai Shu'ibu, tela. Shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana yaro, da keken guragu yake yawo. Uwarsa, 'Yar'azumi, ƙanwar mahaifin Badamasi ce. Saboda haka su biyun taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Kowa ya san dokar wannan dangantaka. Taubashi yana iya zaginka a tsakiyar kasuwa, ya cire maka hula, ya ce kai bawansa ne, kuma ba ka da ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Babba ma ba ya shiga tsakani.

Shu'ibu ya ɗinka filfilo da baƙin yadin tsohuwar lema, ya yi masa siffar shaho, da fikafikai da baki da jela. Ba don gasa kaɗai ya yi shi ba. Yana da 'yar gonar shinkafa ta noman rani a fadama, daf da ta kawunsa Malam Adam, mahaifin Badamasi, don asalinsu gona ɗaya ce ta kakansu aka raba. Wanda ya yi noma a wannan fadama ya san jan-baki. Tsuntsaye ne ƙanana da ke kwana cikin ciyawar kacalla a bakin kogi, su fito da safe kamar hayaƙi. Idan shinkafa ta fara nono, masu ƙafa sukan wuni suna gudu a kan kunya, suna ihu, suna kaɗa gwangwani. Shu'ibu ba ya iya gudu. Sai ya zauna a rumfa, ya saki shahonsa, yana fizgar zare, shahon yana kawo sura kamar mai rai. Tsuntsaye in sun hango shi sai su kauce. Da wannan shinkafa yake ciyar da uwarsa da matarsa Zaituna da 'ya'yansa, don ɗinki a unguwarsu sai da sallah.

A shekarar da nake magana, ƙa'idar gasa ita ce wanda ya fi daɗewa a sama. Jirgin Badamasi ya tashi ya yi ta juyi, ya kifa, ya miƙe, mutane suna tafi. Shahon Shu'ibu kuwa ya hau can ya tsaya shiru. Da aka jima, sai kukan jirgin ya fara rauni. Batir ya ƙare. Ya sauko yana tangaɗi, ya dungura da hanci a gaban 'yan kallo.

Shu'ibu ya ɗaga murya daga kan kekensa ya ce, "Ayya, bawana! Ashe ba ka ba shi kalaci ba? Kawo shi gida, Zaituna ta dama masa koko."

Fili ya ɗauki dariya. Wani ya ƙara da cewa, "Yau gurgu ya tsere wa mai jirgi!"

Badamasi ya yi dariya tare da su. Da na miƙa wa Shu'ibu kofi, har shi ya riƙe masa keke. Ya ce, "Ci gaba da sha, ɗan gwaggo. Bawa ma yakan yi sallah." Na dubi fuskarsa a lokacin. Bakinsa ne kawai yake dariyar.

Bayan 'yan makonni shinkafa ta fara nono. Badamasi ya sayi reza, ya karya ta gida biyu, ya manna a gaban kowane fiffike na jirginsa. Da hantsi ya ɗebi abokansa suka sauka fadama. Shu'ibu yana rumfa da zare a hannu.

"Bawana, mun zo gaida shaho!" in ji Badamasi.

"To ku durƙusa, sarki ne," in ji Shu'ibu.

Jirgi ya tashi, ya zaga, ya bi ta ƙarƙashin shahon. Zaren ya yi laushi a hannun Shu'ibu. Shahon ya yi baya-baya da iska, ya haye kogi, ya faɗa tsakiyar kacalla inda ko kwalekwale ba ya shiga. Abokan Badamasi suka fashe da dariya. Shu'ibu ya dubi guntun zaren, ya dubi gonarsa, sa'an nan shi ma ya yi dariya, don haka al'ada ta ce.

"Ka rama, ɗan kawu. Shi ke nan, mun yi kunnen doki."

Ya koma gida ya farke lemar matarsa, ya ɗinka wani. Kashegari Badamasi ya dawo ya yanke shi.

'Yar'azumi ta yafa mayafi ta tafi wurin wanta. Ta ce, "Yaya, ka ja wa Badamasi kunne. Abincinmu ne a gonar nan."

Malam Adam tsoho ne, ido ya yi rauni, ya daɗe bai taka fadama ba. Ya ce, "Haba, 'Yar'azumi. Yaushe aka fara kawo ƙarar taubashi? Kin manta abin da 'ya'yan Kawu Zarami suka riƙa yi mana? Bar su. Wasa ne, shi ke ƙara zumunci."

Aka kai maganar gaban ƙungiya. Na ce reza ba kayan wasa ba ce, kuma gona ba filin gasa ba ce. Shugaban ƙungiya ya ce, "Baba, da bare ne ya yi, da yau mun kore shi. Amma tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wa zai sa baki?" Aka watse ana raha.

Lema ta ƙare a gidan Shu'ibu. Sai ya ɗauki baƙar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a, ya sa mata almakashi. Shaho na uku ya fito ƙarami, fiffike ɗaya ya fi ɗaya, amma ya tashi. A lokacin nan jan-baki sun yi yawa ƙwarai. Da safe kana jin hayaniyarsu cikin kacalla kamar ana soya wani abu a ƙaton kasko.

Badamasi ya sake zuwa, wannan karon da mutane fiye da na da, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Shu'ibu bai ce masa bawana ba. Ya sauko daga keke, ya ja jiki da hannuwa har gabansa.

"Badamasi, don girman Allah. Saura kaɗan shinkafar ta ƙosa. Ka bari in yanke, sa'an nan ka yanka shaho ɗari in kana so."

"Kai! Ku ji bawa yana kiran ubangidansa da suna. Fushi ka yi ne, ɗan gwaggo?"

"Ban yi fushi ba."

"To faɗi, wa ya fi wani a sama?"

"Kai ne."

"Ba su ji ba. Ɗaga murya, ka dubi waya."

Shu'ibu ya dubi wayoyin ya ce, "Badamasi ya fi ni. Ni bawansa ne."

Aka yi shewa. Da Badamasi ya tsaya nan, da ya sami abin da ya zo nema. Amma dariyar ta yi masa daɗi, bai so ta ƙare ba. Ya ce, "Madalla. To bawa kuma me zai yi da shaho?" Ya murza rimot. Zaren ya tsinke. Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba, wasu ma suka sauke wayoyinsu. Shu'ibu ya juya ya ja jiki zuwa rumfa.

Da gari ya waye jan-baki suka fito. Suka zaga sama, ba su ga abin tsoro ba, suka sauka a gonar Shu'ibu har zangarniya tana kwantawa don nauyinsu. Maƙwabta kowa yana fama da tasa gonar, ba mai iya barin wurinsa. Shu'ibu ya rataya gwangwani a wuya, ya bi kunya da rarrafe cikin taɓo, yana bugawa, yana ihu. In ya kore su nan, sai su tashi kaɗan su sauka bayansa. Zaituna da goyo tana kaɗa zane. 'Yar'azumi tana jifa da ɓurɓushin ƙasa, tana kiran sunan Allah. Kafin rana ta take, muryar Shu'ibu ta dushe, tafin hannunsa ya tsage, gonar kuma ta koma fari fat, sai ƙaiƙayi a tsaye.

Tsuntsu bai san iyakar gado ba. Da suka gama, sai suka tsallaka kunya zuwa gonar Malam Adam. Shekara da shekaru gidan Malam Adam ba su taɓa wahalar tsaro ba, har Badamasi yana cewa gonarsu tana da sa'a. Bai taɓa lura cewa inuwar shahon Shu'ibu ce take rufe gonakin biyu ba.

Aka je aka gaya wa Badamasi a shago. Ya zo a guje da jirginsa, yana cewa, "Ku matsa, yanzu zan watsa su." Jirgin ya kutsa cikin tsuntsayen. Suka buɗe masa, suka rufe. Rezar ta sare 'yan kaɗan, gashi da jini suka cushe farfela, injin ya yi shiru. Jirgin ya karkata ya faɗa kogi, ruwa ya tafi da shi. Badamasi ya jefar da rimot, ya cire riga yana kaɗawa, yana gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mahaukaci. Shu'ibu yana zaune cikin taɓo yana kallonsa. Bai yi dariya ba. Kafin la'asar gonar Malam Adam ta bi 'yar'uwarta.

Manoma suka hana tashin jirgi da filfilon wasa a ko'ina kusa da fadama. Ƙungiya ta mutu, ba a sake gasa ba. Malam Adam, da ya ji yadda aka yi dalla-dalla, ya aika a kira ƙanwarsa ya ba ta haƙuri. Ta aiko masa cewa ba komai, ai wasa ne.

Shu'ibu ya bayar da aron gonar, ya shirya komawa Kaugama wurin surukansa, inda aka ce za a ba shi gefen rumfa ya kafa keken ɗinki. Ranar tafiya Badamasi ya zo tasha. An riga an ɗaura keken guragu a saman mota. Ya leƙa taga, ya ƙaƙalo murmushi.

"Bawana, haka za ka gudu ba sallama?"

Shu'ibu ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa baƙon da ake jin nauyinsa.

"Sannunku da zuwa, Malam Badamasi. Kun wahala. Allah ya saka da alheri."

"Haba, Shu'ibu. Zage ni mana. Ce mini wani abu."

"Wane ni. A gaida mutan gida."

'Yar'azumi ta ja mayafi ta rufe fuska. Mota ta tashi.

Badamasi yana nan a shagonsa har yau. Hoton abin da ya yi ya zaga wayoyin gari, ba wanda bai gani ba. Ba a zage shi ba, ba a kai shi ƙara ba. Mutane suna kawo fanka, su gaishe shi da ladabi, su karɓi kayansu su tafi. In ya jefa wa wani zolaya, sai a ce masa, "Haka ne, Malam," a yi shiru. Nakan wuce da yamma in gan shi shi kaɗai a kan benci. Shu'ibu kuwa, an ce mini bai ƙara ɗinka filfilo ba, ko da 'ya'yansa sun roƙe shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wasa yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce inda ɗaya ya daina jin daɗi. Magabata sun kafa wasan taubasai don ya sassauta zuciya tsakanin dangi, ba don ya zama mayafin mugunta ba. Wanda ba ya iya ɗaukar dariyar yini ɗaya, kada ya shiga gasa. Wanda ya ga ana zaluntar mai rauni da sunan al'ada, kada ya ce ba a shiga. Kuma kafin mutum ya tsinke zaren ɗan'uwansa, ya tuna cewa sau da yawa abin da ke tsare gidan ɗan'uwanka shi ne ke tsare naka, ba ka sani ba sai ranar da ka rushe shi.