Gemun Audugar Barnaba

Dalilin da ya sa Baba Kirsimeti yake zuwar muku da fuska cunkushe da auduga, ba ya ce muku ko sannu sai wannan "ho ho ho" nasa, ba wani abin al'ajabi ba ne, yara. Gori ne ya jawo.

A da, a ƙauyen Rafin Kanya, mai rabon kyautar Kirsimeti fuskarsa a buɗe take. Sunansa Barnaba, manomin auduga ne kuma dattijon coci, ga tumbi ga baki. Hannunsa a sake yake, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma in ya ba ka allura, sai ka ji labarinta a kasuwa. Yaro ya ci shinkafarsa ranar Kirsimeti, har Ista yana tare shi a hanya yana tambayarsa ko ta yi daɗi.

Wata shekara ya sa aka ɗinka wa Tabita, 'yar wata gwauruwa mai suna Lai'atu, riga mai furanni. Ranar Kirsimeti yarinyar ta fito gaban jama'a za ta rera waƙa. Ta buɗe baki ke nan, sai Barnaba ya miƙe daga bencin dattawa.

"Jama'a, ku dubi rigar nan da kyau! Ni na saya. Ba don ni ba, da tsumma za ta tsaya a gabanku."

Waƙar ta maƙale wa Tabita, ta fita da gudu tana kuka. Kafin a tashi sujada Lai'atu ta dawo da rigar a ninke, ta ɗora masa a cinya. A ranar nan, matan zumuntar coci suka yanke shawara: daga yau duk kyautar da aka ga fuskar mai ita, a mayar masa da abinsa.

Barnaba ya shiga uku. Ya aika da shinkafa, ta dawo. Ya aika da cinyar akuya, ta dawo da ɗuminta. Shekara ta juyo babu wanda ya durƙusa ya ce masa an gode, har tumbin ya fara saki, don shi godiya ce abincinsa.

Da Kirsimeti ta sake zuwa, sai ya ƙulla dabara, irin dabarar da shi kaɗai take burgewa. Zai rufe fuska ya raba kaya, in kowa ya karɓa ya gama zuba godiya, sai ya yaye fuskar a ga ko wane ne. Ya jiƙa ƙaro ya yi kauri, ya lafta a haɓa da kumatu, ya manna auduga har gindin ido. Ya yafa jan bargon matarsa don kada a gane rigarsa, ya saɓa buhu ya nufi coci da rana tsaka, yana zufa yana jin daɗin kansa. Bai tuna da tumbin ba, bai tuna da tafiyarsa ta agwagwa ba.

Yara suka yanyame shi. Ya raba alewa da takalma, ya miƙa wa Tabita sabuwar riga. Mata suka ɗauki guɗa.

"Allah ya saka wa baƙon nan!" in ji Lai'atu da ƙarfi. "Ka ga mai kyauta, ba irin wasu ba."

Barnaba ya ce a ransa lokaci ya yi. Ya kama gemun ya fizga. Ashe ƙaron ya bushe a rana, ya haɗe da gashin fuskarsa na ainihi. Azaba ta ratsa shi har ƙeya.

"Ho! Ho! Ho!"

Yara suka ɗauka dariya yake yi, suka fashe da tasu. Ya sake ja, hawaye na zuba cikin auduga. Sai Lai'atu ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, bar gemun nan inda yake. Ka ga yarinyar can rungume da rigarta? In muka ga fuska, ko muka ji wata murya da muka sani, a cinyarka rigar za ta kwana, ita da sauran kayan duka."

Barnaba ya dubi Tabita, ya dubi matan da suka zuba masa ido. Ashe tun daga bakin ƙofa babu wadda ba ta gane shi ba. Ya saki gemun a hankali.

Lahadi ta gaba yana zaune a bencinsa, haɓa duk a saɓule, ana ta yabon baƙo a gabansa. Wata ma ta juyo ta ce, "Baba Barnaba, da ka zo ka ga yadda ake kyauta." Ya shafa haɓarsa, ya haɗiye gorinsa. Kowace shekara kuwa sai ya sake manna audugar, don yabon da ake yi wa baƙo ma ya fi masa babu. Har ya mutu, gemun ake yi wa godiya.

Shi ya sa har yau mai rabon kyautar Kirsimeti yake toshe fuska da auduga, ya kama bakinsa. Ku karɓa ku gode wa Allah. In kuma kun gane tumbin kawunku a ƙarƙashin jar rigar, ku yi kamar ba ku gani ba.