Jarrabawar Malama Tasalla

Malama Tasalla ta roƙi Firinsifal Gambo ya bar ta ta koyar da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja.

Ya ce, "Sai ɗalibai sun ci jarrabawarsa tukuna."

"Ranka ya daɗe, ai ban koya musu ba!"

"Ke ta shafa."

Washegari ta dire masa takardu tana murmushi. Tambaya ɗaya ta yi: ana cin jarrabawar darasin da ba a koyar ba? Kowa ya rubuta a'a.

Firinsifal ya ce, "Sun faɗi!"

"Tunda sun faɗi, ai gaskiya suka rubuta. Wanda ya rubuta gaskiya kuwa ya ci."

"To, sun ci, amma..."

"Alhamdulillahi! Yaushe zan fara?"

Ya dafe kai. "Litinin. Ki ajiye mini kujera a gaba."