Matatar Ruwan Baba Mai Taya

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi. Wanda ya ce ta zo mu ji ta, to ya gyara zama.

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Taya, domin da sayar da tayoyin mota ya yi arziki. Bai yi nisa a boko ba, amma yana son masu bincike kamar 'ya'yan cikinsa. Shi ya sa ya kafa gidauniya mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya. Sharaɗinsa guda ne: duk wanda ya gama bincike, sai ya tsaya a zauren gidauniyar ya yi wa mutanen unguwa bayani da harshen da za su gane.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa, wata matatar ruwa ce ta roba da gidauniyar ta raba gida-gida, da hotonsa manne a jiki.

Cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu akwai wata matashiya, 'yar wani tela, da kowa ke ce wa Dakta. Aka ba ta aikin auna amfanin matatar. Ta auna, ta sake aunawa. Sabuwar matata tana aiki tsaf, amma idan ta kwana biyu sai soson cikinta ya zama gidan ƙwayoyin cuta.

Manajan gidauniyar, ɗan ƙanin Baba, ya same ta a ɗakin gwaji.

"Dakta, ke kam ba ki da tausayi. Tsoho da hawan jini, ki tsaya gaban jama'a ki kunyata shi? Ki ce ana ci gaba da nazari mana."

"Yallaɓai, yara fa kullum suna sha."

"Wata mai zuwa za a sabunta tallafinki. Ni dai na faɗa miki."

Ta koma gida ta tarar da mahaifinta a kan keken ɗinki, ta kwashe komai ta gaya masa. Bai daina taka keken ba.

"Wa ya sa ki aunawar?"

"Baba Mai Taya."

"To ai kayansa ne, ki kai masa yadda yake. In sun kore ki, ki zo ki riƙa sa mini maɓalli, dama idona ya soma gajiya."

Ranar bayani zaure ya cika maƙil. Dakta ba ta fara da jawabi ba. Ta ɗora madubin ganin ƙwayoyin cuta a kan tebur, ta ɗiga ruwa a gilashinsa, ta ce, "Baba, kai za ka fara dubawa."

Dattijo ya cire tabarau, ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Waɗannan masu zirga-zirgar fa, 'yata?"

"Su ne ke sa gudawa, Baba."

"A ina kika ɗebo ruwan?"

"Daga matatar da ke ofishinka."

Manaja ya ƙura wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa.

Baba ya miƙe a hankali. "Wato ina ta haɗiye baƙi, ko sallama ba sa yi mini."

Dariya ta ɓarke. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku yi layi, kowa ya duba da idonsa, kada ku tsaya ga maganata ko tata. Daga yau a daina sha, gobe a bi gida-gida a karɓo duk matatar da aka raba. Ke kuma Dakta, ke za ki jagoranci gyaran. Na kafa gidan nan ne don a gano mini abin da ban gani ba. Masu yabo ina da su birjik, kyauta ma suke yi."

Mata da maza suka jeru, kowa ya duba sai ya ɗago yana riƙe baki. Can baya, tela yana tsaye da tef ɗin awo rataye a wuya. Mutumin da ke gabansa ya juyo ya ce, "Malam, wannan yarinya ko 'yar gidan wa ce?"

Tela ya gyara tsayuwa, ya ce, "Matsa gaba, layi na tafiya. Ni na haife ta."

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya.

Darasi: Wanda aka ba amanar bincike ya faɗi abin da ya gani ko da zai rasa kujerarsa, mai bayarwa kuma ya san gaskiya ya nema, ba yabo ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu 'ya'ya a makaranta.