Waziri Jatau da Ayarin Gishiri

An ce a zamanin da an yi wani sarki wanda aka taɓa kawo wa fadarsa kwandon busasshen kifi, sama lafiya, ƙasa tsutsa. Ransa ya ɓaci, ya sa aka yi shela cewa duk kayan da za a saya wa fada, dogarai su kwance shi a ƙofar gari kowa yana gani.

Masuntan kudu murna suka yi, domin a wajensu mai sayen da bai tona kwando ba ya raina kaya. Amma da ayarin gishiri ya iso daga arewa, dogari ya sa wuƙa ya yanke igiyar ɗaurin farko, sai madugun ayarin, Agali, ya juya raƙumansa ya kama hanyar komawa.

Sarki ya kira Waziri Jatau ya ce, "Damina ta kawo kai, hanya za ta rufe, gari babu gishiri. Ka dawo da su ko ka ajiye rawaninka. Shelata kuwa ba ta tashi."

Zama ya gagari Waziri. Ya shiga gida ya fito, aka kawo masa abinci bai duba ba, ya hau doki yana tafe yana kallon hadari a gabas. A bakin wata rijiya ya cim musu.

Ya ce, "Madugu uban tafiya, farashi ne bai yi ba?"

Agali ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya kai ga farashi? Ubana ya sayar wa uban sarkinku. A wajenmu baƙo yakan sauka, ya sha ruwa, a tambayi iyalinsa, sannan ya kwance kayansa da hannunsa. Wanda ake kwance wa kaya a titi ɓarawo ne."

"To, in a ƙofar aka sauke ka fa?"

"Ƙofa ba gida ba ce."

"Za ta zama."

Waziri ya koma a sukwane, ya sa aka kafa rumfa a bakin ƙofa, aka shimfiɗa tabarmi, aka dama fura. Ya aika wa Agali, ayari ya dawo. Waziri ya zauna suna gaisawa a tsanake, ga iskar ruwa tana kaɗa rumfar. Bai ambaci gishiri ba ko sau ɗaya. Sai da ƙoƙo ya zagaya, Agali ya miƙe da kansa, ya kwance ɗauri bayan ɗauri, ya fasa kantun gishiri ya miƙa wa dogarai su lasa.

Waziri ya je ya faɗi gaban Sarki. "Allah ya ja zamaninka, an kwance a ƙofa, kowa ya gani."

Sarki ya ce, "Dogarai na ce, Waziri."

"Da dogarai suka kwance, ɗauri ɗaya muka gani. Da mai kaya ya kwance, mun ga duka."

Sarki ya ce, "Gyara rawaninka. Daga yau baƙin kowace hanya a karɓe su da al'adarsu. Dogarin nan kuma ya je ya ƙulla wa Madugu igiyarsa."