Nomau Da Ya Ƙi Zana Fitila

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya can, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Direban motar goro ne, ya ga ƙasashe. Duk inda ya sauka kuwa sai ya sa ido ya ga yadda ake koya wa manya sha'anin zaɓe da mulki.

Ya ce a wata ƙasa mota ce ke zuwa da lasifika ranar kasuwa, ta yi ta ihu, ta tafi, ta bar mutane da ciwon kunne. A wata kuma magidanta ke kewaye rediyo, su saurara, a kashe, su yi ta gardama har kowa ya gane. A ta uku, ku saurara da kyau, akwai aji, akwai benci, amma malamin ɗan jam'iyya ne. Ba ya koya maka yadda ake dangwala yatsa, sai inda za ka dangwala. Can ne Nomau ya ga an ƙona kasuwa bayan zaɓe.

Da ya ajiye tuƙi, sai ya riƙa shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa bayan la'asar. Ya zana akuya da takalmi da ludayi a kwali, abubuwan da ba alamar kowace jam'iyya ba. Ya kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa, ya zama tawada. Tsofaffi su zo su gwada dangwale, ya faɗa musu aikin kansila da abin da za su tambaye shi.

Wata tsohuwa, Gwaggo Kuluwa, ta dangwala tsakanin akuya da takalmi. Ya ce, "Gwaggo, ƙuri'arki ta lalace."

Ta ce, "Kai tafi can! Duka biyun nake so."

Ana nan sai ɗan wansa, Zubairu, ya tsaya takarar kansila, alamar jam'iyyarsa fitila. Wan nan, Alhaji Barmo, shi ya riƙe Nomau tun yana maraya, shi ya yi masa aure. Ya zo ya ce, "Nomau, ban ce ka yi wa kowa ƙarya ba. Cire ludayin nan ka zana fitila. Hannun tsofaffi ya saba, shi ke nan."

Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, ƙuri'ata ta Zubairu ce. Amma yatsun nan amana aka kawo mini. Na ga garin da aka yi haka, na ga tokarsa."

Alhaji ya ce, "Ashe ba ni da ƙane." Ya kaɗe riga ya tafi.

Jama'a, wa zai iya? Wanka fa, wanda ya ciyar da kai! Sallama ta yanke. Aka yi suna a gidan Alhaji, ko goro ba a aiko wa Nomau ba. Ya yi haƙuri, ya ci gaba da zana ludayinsa.

Aka yi zaɓe, Zubairu ya faɗi. Matasansa suka taru da sanduna, suna cewa Nomau ya ruɗi tsofaffi. Gwaggo Kuluwa ta fito, ta ɗaga yatsa ta ce, "Wa ya ruɗe ni? Ni fitila na dangwala, kishiyar ra'ayina ga ta nan ta dangwala wata alamar, tabarma ɗaya muka koya. Ku tambayi uban ɗan takararku ko Nomau ya yarda ya karkata." Alhaji Barmo yana tsaye. Ya ce, "Na roƙe shi, ya ƙi. Ku ajiye sandunan nan." Ko rumfa ɗaya ba a taɓa ba a kasuwa.

Kashegari da la'asar sai ga Alhaji a ƙofar gidan Nomau. Ya ce, "Matsa mini, mai taurin kai. Ina kwalin?"

To, ku saurara. Wanda ya koya wa mutum yadda zai zaɓa ya ba shi 'yanci, wanda ya koya masa wanda zai zaɓa ya karɓe. Kowannenku akwai mai tambayarsa a gida: uwa, mata, maƙwabci da ba ya karatu. In sun miƙo maka yatsa, nuna musu hanya, ka sake hannun. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.